Ɓarawon Waken Kawu Illiassou

"Asabar, Maazou! Ko ka zo Asabar, ko kar ka sake kirana!"

Hamdiya ta kashe wayar, ta ci gaba da safa da marwa a ɗakinta na Vénissieux, can nesa da Paris. Shekara uku ke nan yana sonta daga nesa, kamar yadda yake ɗaukar hoton namun daji: ya laɓe, ya jira, ba ya matsowa. Duk kuɗin da ya tara a aikin sitocin Aubervilliers, kusa da Paris, can gida a dajin Kouré yake ƙarewa, wajen ɗaukar hoton raƙuman dawa.

Ga shi Kawu Illiassou, waliyyinta, ya zo Paris ganin likita, Lahadi zai koma Dosso. In ya tafi bai ga Maazou ba, maganar aure ta mutu.

Ranar Asabar ta hau jirgin ƙasa na TGV zuwa Paris, zuciyarta ta riga jirgin isa. A gidan Hajiya Safi na Bobigny, inda Kawu ya sauka, ta kasa zama.

"Zauna mana, ɗiyata," in ji Hajiya. "In bai zo ba, ga Abdul'aziz ɗana, injiniya ne, ba mai bin dabbobi ba."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa...

Maazou ne, cikin babbar rigar aro, rungume da wani faffaɗan abu a naɗe.

Babu goro. Babu turare.

Aka yi doguwar gaisuwa, sannan ya durƙusa ya kware takardar. Hoton raƙumin dawa ne, ya sunkuyar da dogon wuyansa cikin ganye, hantsi ya zuba masa zinariya.

"Kawu, shi ne mafi kyau a duk abin da na taɓa ɗauka."

Kawu ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallo.

"Mi yake ci a nan?"

"Ganye ne, Kawu..."

"Wake ne! Waken talakawa! Bara sun cinye mini rabin gona, gwamnati ta ce ko dutse kar mu jefe su. Shi ne ka sa ɓarawo a gilashi ka kawo mini?"

Hajiya Safi ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa don dariya.

Maazou ya ƙara duƙar da kai.

"Pardon, Kawu. Wallahi ban sani ba."

"Ba ka tambaya ba dai. Nawa ka daɗe kana jiransa?"

"Tun asuba har rana ta yi zafi. Kwana da kwanaki."

"Ba ka yi tsaki ba?"

"In na yi, guduwa zai yi."

Kawu ya juya ya dubi Hamdiya, wadda tun tana goye ba a taɓa gama mata magana ba, sai ta katse.

"To. Wannan ma haka take, sai mai haƙuri irinka. Turo magabatanka."

A bakin matakala Hamdiya ta cim ma Maazou, idonta jawur.

"Saura ƙiris ka kashe ni, chéri!"

"Hasken hoton dai ya yi kyau, ko?"

"Maazou... je ka sayo goro."