Mai Awo da Mai Alfadarai

A makon farko na Yuni, Linnea Sorvik ta tsaya a bakin hanyar da ke hawa Tafkin Sorrel da akwatuna huɗu na kayan awo. Daga nan zuwa tafkin mil goma sha huɗu ne, doka kuma ta hana mota, ta hana keke. Jami'a ta ɗaukar mata hayar alfadarai, mai su ne bai iso ba.

Sai bayan awa guda ya ɓullo a kan doki yana jan alfadarai uku. Sunansa Emmett Larrabee, ɗan gidan da suka daɗe suna kai mafarauta da masu kamun kifi cikin tsaunukan nan na Idaho. Ya sauka ya ɗaga akwatunan ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan kaya haka, ƙaura za ki yi?"

"Na'urori ne. Kuma ka makara."

"Alfadarar can ce ta makara, ni tun asuba na shirya. Me ake karantawa da sai an hau da waɗannan?"

"Kula da wuraren shaƙatawa na daji."

"Wato yanzu har yawon shan iska yana da digiri?"

"Biyu ma. Na farko da na biyu a haɗe, shekara biyar. Na gama ta uku."

"Ni na yi ashirin a ciki, ko takardar shaida ba a ba ni ba."

Ba ta yi dariya ba sai da ya juya baya. Kafin su kai tafkin ya raɗa mata Malama Awo, ita kuma ta ce masa Sarkin Alfadarai.

Mako tara ta yi a can. Duk ranar Talata yakan hau mata da abinci da wasiƙu, ya sha kofi, ya sauka. Daga mako na huɗu ya fara zama har kofin ya huce. A na bakwai ya hau ranar Juma'a ba tare da ya kawo komai ba.

"Me ka kawo?"

"Na manta shi a ƙasa."

"Mil goma sha huɗu?"

"Hanyar ba ta da tsawo idan mutum ya san inda za shi."

Da kaka ta shigo ta koma jami'a, tafiyar awa shida a mota. Shi kuma lokacin farauta ya kama, yana yin kwana goma a inda babu sabis. Abin da ya rage musu shi ne wata 'yar na'ura da yake ratayawa a sirdi, mai aika gajeren saƙo ta tauraron ɗan Adam.

"Malama Awo, dusar ƙanƙara ta sauka a tafki. Wurin da tantinki yake har yanzu ana gane shi. Na tsaya a wurin, alfadarai suka yi ta kallona."

Ta amsa daga ɗakin karatu: "Sarkina, yau an koya mana yadda ake kiyaye rayukan baƙi a daji. Duk misalin da aka kawo, kai nake gani a ciki. Ka sa safar hannu."

Haka suka yi shekara ta huɗu. Sun haɗu sau biyar. Mahaifiyarsa Darla ta karɓe ta da gasasshen nama da burodin masara. Mahaifinsa Harlan ya ba ta hannu, ya ce duk ma'aikacin daji da ya taɓa sani da littafi ya zo, da kwaɗon kulle ya tafi.

A bazara ta biyu ta koma tafkin don aikin kundin digirinta na biyu. Aikin shi ne auna sansani goma sha biyu da ke kewaye da ruwan, inda baƙi ke kafa tanti: faɗin ƙasar da ta zama fako, saiwoyin da suka fito fili, itatuwan da igiya ta cinye wa ɓawo. Hukumar gandun daji ta ce za ta yi aiki da sakamakon. Sansani na bakwai na gidan Larrabee ne. Kakan Emmett ya kafa shi, taku talatin daga bakin ruwa.

Sau uku ta auna shi, sau uku lambobin suka fito iri ɗaya. A ƙarshen Agusta, Emmett yana wani kwari da baƙi, ta rubuta masa:

"Ina so ka ji daga bakina kafin kowa. Sansaninku ya fi sauran lalacewa, da nisa. Dole in ba da shawarar a rufe shi shekara biyar. Kar ka faɗa wa Baba tukuna, mu yi magana."

Bayan kwana biyu ta sauko bakin hanya ta tarar da Harlan jingine da motarta. Bai gaishe ta ba. Ya karanto mata saƙon da ka, kalma bayan kalma.

"Mista Larrabee, bari in nuna maka..."

"Yarinya, kin ci abinci a teburina. A wurin nan na watsa tokar gawar mahaifina. Kin zo da igiyar awo bazara biyu, kin fi mu sanin wurin?"

Ta shiga mota ta yi mil ashirin kafin ta tsaya ta rubuta wa Emmett: "Na ba ka magana a asirce, ka miƙa wa babanka. Kar ka sake rubuto mini."

Bai miƙa ba. Na'urar ta gidan ce, duk saƙon da ya shiga ko ya fita sai ya bayyana a kwamfutar da ke ɗakin girki, inda ake tsara zuwan baƙi. Emmett ya sani, amma shekara guda bai taɓa tunawa ba. Da ya sauko ya tuƙa awa shida ya same ta a ƙofar sashensu na jami'a ya yi mata bayani.

"Wato duk abin da na rubuta maka an karanta?"

"Mama ce ke karantawa. Ta ce kin fi ni iya magana. Wannan ɗayan ne kawai Baba ya riga ta gani."

Ta rufe fuska da hannu biyu. Daga nan rigimar saƙo ta wuce, amma maganar sansani tana nan.

"Linnea, guda goma sha biyu ne. Ba za ki rubuta sha ɗaya ba?"

"Malamina ya taka wurin da ƙafarsa. Idan na cire shi, kundin ya faɗi. Tsarinmu ba ya jira: in ban gama a shekara ta biyar ba, digiri ɗaya zan fita da shi."

"Da a ce bai taka ba fa?"

"Da ma ba zan cire ba."

"Baba ya ce ranar da aka rufe wurin, ba ke ba ƙofarsa."

"Kai me ka ce?"

"Ban ce komai ba."

"To, ka faɗa ke nan."

Daga Satumba zuwa tsakiyar Afrilu ba su ga juna ba. Ita tana rubutu. Kowace safiya kafin ta buɗe kundin takan duba hasashen yanayi na kwarinsu, ta ga sanyin ya kai nawa, ta rufe. A babin sansani na bakwai ta yi wata guda, alhali sauran kwana huɗu-huɗu suka ɗauka. Ta zana wani fili mai tsakuwa, rabin mil daga ruwa, inda alfadarai za su iya tsayawa ba su kashe komai ba, ta sa shi cikin shawarwarin.

A Disamba Darla ta kira ta, wai tana tambayar lafiya. A cikin hira ta ambaci Carleen, 'yar maƙwabtansu, wadda ta iya ɗaure kaya fiye da maza, wadda kuma Harlan ya gayyata cin abinci sau uku a wata ɗaya.

"Yarinyar kirki ce," in ji Darla. "Emmett dai yakan tashi ya ce zai duba dabbobi. Dabbobin nan ba su taɓa samun dubawa irin ta bana ba."

A Janairu saƙo ɗaya ya shigo, daga wayarsa ta kansa:

"Ba na neman amsa. Na wuce ta bakin hanya, dusar ta rufe allon sunan tafkin. Ina dai so in san kina cin abinci."

Ta rubuta amsa huɗu ta goge. Ta biyar ta aika: "Ina ci. Ranar sha bakwai ga Afrilu zan kare kundin, ƙarfe goma. Ƙofa a buɗe take ga kowa."

Ɗakin da za ta kare kundin yana da kujeru ashirin. Malamai uku suka zauna a gaba, ɗalibai a baya. Saura minti biyu a fara Harlan ya shigo da hula a hannu da wata babbar ambulan, Emmett na biye da shi. Linnea ta yi bayani minti arba'in, ba ta kalli ɓangarensu ba ko sau ɗaya.

Da aka ba da damar tambaya, Harlan ya miƙe.

"Ni ban yi jami'a ba. Amma wurin nan haka yake tun ina saurayi, ƙasar dutse ce, ba ta taɓa yin ciyawa ba. Ga shaida."

Ya zaro hoton da aka ɗauka shekara arba'in da biyar da suka wuce, shi da mahaifinsa a gaban tanti. Malamin Linnea ya roƙi izini ya haska shi a bango, kusa da nata na bara. Daga kan dutse ɗaya aka ɗauki duka biyun, domin nan ne kaɗai ake ganin sansanin gaba ɗaya.

Harlan ya matsa kusa da bangon. A tsohon hoton ciyawa ta kai idon sawu. Ya ɗaga yatsa ya fara ƙirga itatuwa, leɓensa na motsi. Goma sha tara. Ya koma na bara. Shida.



"Wannan bishiyar ta hagu," in ji shi a hankali, "a jikinta mahaifina yake ɗaure dokinsa. Yaushe ta faɗi?" Ya juya ga ɗansa. "Yaushe ta faɗi?"

"Ban taɓa ganinta ba, Baba."

Harlan ya sake duban bangon. "Ɗaya-ɗaya suka tafi," ya ce. Sannan ya dubi Linnea. "Shekara nawa kika ce?"

"Biyar."

"Uku za su isa."

"Biyar, Mista Larrabee."

Ya sa hularsa ya fita. Hoton ya bar shi a kan tebur.

Malaman suka sallami kowa don su yi shawara. A baranda Emmett ya tsaya taku biyu daga gare ta.

"Kin rame, Malama Awo."

"Kai ka kawo shi?"

"Ya ce zai zo ya kunyata ki. Na ce ni zan tuƙa. Tun a gida na ce masa ko hoton ya gaskata shi ko bai gaskata ba, da ke zan zauna. Awa shida bai ce mini uffan ba."

"Wata bakwai ka yi kafin ka faɗi wannan."

"Na sani. Na yi laifi."

"Kullum sai na duba sanyin garinku. Na san shi fiye da na nan."

"To ki zo ki ji shi a jikinki. Ki aure ni, Linnea."

Aka buɗe ƙofa, malaminta ya leƙo yana murmushi ya ce ta shigo.

"Eh," ta ce wa Emmett. "Jira ni nan, kar ka motsa."

Ta ci jarrabawar, da gyara a babi biyu. A Yuli hukuma ta rufe sansani na bakwai na shekara biyar, ta ba gidan Larrabee filin mai tsakuwa. Baƙi ba su so shi ba, wasu tsofaffin masu zuwa suka daina zuwa. Harlan ya yi wata biyu yana gaida Linnea da ka kawai. Amma shi ya ɗora wa alfadarai dashen itatuwa ɗari da hamsin ya hau da su tsohon sansanin, bai bari wani ya ja ba. Linnea ta samu aiki a ofishin gandun daji na gundumar, minti arba'in daga gidansu.

An ɗaura auren a ƙarshen Satumba, a makiyayar da ke bayan gida, mutum sittin, iyayen Linnea sun zo daga bakin teku. Bayan an ci abinci aka ce uban ango ya yi magana. Harlan ya miƙe da kyar.

"Shekara arba'in ina kai mutane su ga wurin nan, ni kaina ban gan shi ba sai da yarinyar nan ta tsayar da ni a gaban bango. Har yanzu ina cewa uku za su isa." Aka yi dariya. Ya jira aka yi shiru. "'Yata, shekaruna sittin da uku. Ranar da za a buɗe, ina so in hau da ƙafata, da jika a gaban sirdina. Wannan kuma aikinku ne. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya raya abin da kuka dasa."

Jama'a suka amsa da amin. Linnea ta tashi ta zagaya teburin ta rungume shi, shi kuma bai janye ba.