Kas ɗin Malam Idirisu

Ranar Litinin da hantsi Malam Idirisu baduku ya miƙa hannu kan ƙusar da ke gefen gadonsa, ya ɗauko kas ɗinsa, abin jin waƙar nan mai rufe kunnuwa biyu. Ya ɗora a kai. Ko maɓalli bai danna ba ya cire shi.

"Wannan ba nawa ba ne."

'Yarsa Raliya tana tsakar gida tana ba jaririyarta nono. Kwananta talatin da uku da haihuwa, ta zo wankan gida nan Birni, cikin Zinder. Ta leƙo.

"Baba, shuɗi ne fa, irin naka sak."

"Ido ne ya mutu mini, Raliya, ba kai ba. Wannan matse ni yake."

Ta karɓa ta juya shi. Ta duba gefensa. Na Baba akwai 'yar jar fata da ya liƙe da hannunsa a bakin ramin kat, ɗan katin nan da ake zuba waƙa a ciki, don kada ya faɗo. Wannan babu fata, ramin ma wayam. Sabo ne fil, har warin leda yake.

To ku ji abin da ke cikin katin nan. Inna Zainaba, matar Malam, wata biyar ke nan da rasuwa. Da ciwo ya kwantar da ita, sai ta sa aka ɗauki muryarta a waya tana waƙoƙinta na daka da na reno, aka zuba a kat. Ta ce Malam kaɗai za a ba. Babu wani wurin da muryar take a duniyar nan sai can. Idonsa ya tafi, ɗinkin fata ya gagara, abin da ya rage masa ke nan. Kullum sai ya ji ta kafin ya sha koko.

Ranar bai sha ba. Da rana aka kai tuwo, ya juya fuska bango. Ga ciwon suga.

Fahad, autan gidan, ya ce a tafi komisariya, wurin 'yan sanda. Raliya ta ce a'a.

"A je a ce me? Ɓarawo ya shigo, ya bar rediyo, ya bar fatu, ya ɗauki tsohon kas ya ajiye sabo? Ɓarawon da ke biyan diyya, ai ɗan gida ne."

Mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in. Daga kan tabarma ta yi bincikenta, wallahi, 'ya a cinya.

Ta fara da lissafin ƙafa. Da asuba Baba ya ji waƙa, ya rataye. Tsakanin nan da hantsi ya zaga bayan gida sau ɗaya. Mutum uku suka shiga ɗakin: Yaya Suma'ila, ɗan farin gidan, makanike, wanda ke zuwa gaisuwa kullum kafin ya wuce gareji, Tanti Jinƙai, maƙwabciya, ma'aikaciyar jinya, mai auna masa suga, sai Fahad da ya shiga sa wayarsa sharji.

Ta kira Fahad.

"Zauna. Ina ka samu kuɗin sabon takalmin nan?"

"Kai, Anti Raliya! Daga jego sai ki zama jandarma?"

"Amsa ni."

"Wani biki a Gaffati na yi musu kiɗa ranar Juma'a, suka sallame ni." Ya ɗauki kas ɗin da yatsa biyu kamar mataccen ɓera. "Kuma dubi wannan. Ba ya dukan ƙirji, ganga ba ta fita, sai murya kawai. Na tsofaffi ne. In na sayar da na Baba, wa zai ba ni jika biyu? Sannan in sayi sabo jika huɗu in ajiye? Ni mahaukaci ne?"

"Ka taɓa sa na Baba a kunne?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ba zan iya ba. In na ji muryarta, kuka zan yi a gaban mutane."

Ta sallame shi.

Da la'asar Tanti Jinƙai ta shigo ɗora ruwan wanka, don ita ta tsaya wa Raliya a madadin Inna. Shekara talatin suna aminci, wannan ta kai wa waccan abincin salla, waccan ta kawo na Nowel, wato Kirsimeti.

"Tanti, makon jiya na ji kin ce wa Baba kas ɗin nan zai kashe shi."

"Na faɗa, kuma in ya tashi zan sake faɗa. Mutum ya wuni da muryar mamaci a kunne?" Ta ajiye itace ta dube ta. "Au, ni kike zargi, 'yar nan? Ni da na yanke miki cibiya?"

"Tambaya ce, Tanti."

"To ki ji. Ranar da aka sayo na farko, matse shi ya yi, don ba ya cire hula. Turmina aka ara, aka ɗaura kas ɗin a bakinsa kwana uku har ya buɗe. In ni ce zan musanya, zan kawo masa sabo ɗanye in ce ba zai gane ba?"

Gaskiya ne. Raliya ta tuna turmin.

"Ke kika ɗauki muryar. Babu saura a wayarki?"

"Ta sa na goge a gabanta. Ta ce muryar matar aure ba ta yawo a wayoyi. Ko ji ban yi ba. Na kunna mata na fita, ta ce in ja ƙofa."

Tanti ta shiga ta auna Malam. Da ta fito fuskarta ta canja.

"In gobe bai ci ba, sai dai a kai shi a ɗaura masa ruwa. Kuma kin san halinsa, ba zai yarda ba."

Washegari Raliya ta buga wa Illa waya, mai tebur ɗin kayan waya a Kasuwar Dole, wanda aka sayi na farkon a wurinsa. Ya zo da kansa don girman Malam. Ya tsuguna bakin zaure, ya duba kas ɗin ciki da waje.

"Ba nawa ba ne. Kin ga ɗigon jan fenti a nan? Alamar wani abokina ce, mai tebur a tasha."

Ya kira shi, ya buɗe murya kowa na ji. Mutumin ya ce ƙwarai, ranar Lahadi ya sayar da shuɗi guda, kuma bai manta mai sayen ba.

"Magidanci ne, ban san shi ba. Na yi masa tambayoyinmu uku, bai amsa ko ɗaya ba."

"Wane tambayoyi?" in ji Raliya.

Illa ya ɗaga yatsu. "Aljihu, kai, kunne, ƙanwata. Nawa gare ka? Sa mu gani ko ya zauna maka. Me kake ji? Mai son ganga daban, mai karatun Alƙur'ani daban, mai garaya da gurmi daban. Wanda ya sayi kas bai bi ukun nan ba, kwana biyu zai dawo yana zagin mu."

"Shi wannan bai yi ciniki ba," in ji na tasha. "Na ce jika huɗu, ya miƙo. Na ce gwada, ya ce a'a. Na ce wane kiɗa kake so in kunna maka, ya ce shi ba ya jin kiɗa. Abu ɗaya ya tambaya, har sau biyu: wane maɓalli ne ke mai da waƙa baya."

"Ya sayi kat?"

"Bai saya ba."

Raliya ba ta ƙara tambaya ba. Ta yi wa Illa godiya. Ta zauna tana kallon 'yarta, har hawaye ya ɗiga a goshin yarinyar.

Bayan la'asar Suma'ila ya biyo da moto, babur ɗinsa. Kafin ya shiga wurin Baba ta tare shi a zaure.

"Yaya, ina wuni. Zan yi maka rashin kunya yau, ka yafe ni."

"Lafiya?"

"Baba bai ci komai ba tun jiya da safe."

Ya kau da kai. "Na ji."

"Wanda ya sayi kas ɗin nan bai gwada ba, don ba kansa ya saya wa ba. Bai yi ciniki ba, don ba riba yake nema ba. Bai san an buɗe na Baba a kan turmi ba, lokacin kana Garagumsa kana gyaran injin ban ruwa. Fahad ya san kowane maɓalli tun yana ɗan makaranta a lekol, Tanti ita ta koya wa Baba. Mutum ɗaya ne a gidan nan bai taɓa riƙe kas ba. Kuma ba dukan waƙoƙin yake so ba. Wuri ɗaya yake so ya maimaita."

Raliya ta ci gaba.

"Kas ɗin Baba yana zubar da murya waje, duk wanda ya durƙusa kusa zai ji kaɗan-kaɗan. Kai ne kake durƙusawa kullum dab da gwiwarsa. Me ka ji, Yaya?"

Ya zauna a dakali. Babban mutum, mai 'ya'ya huɗu.

"Sunana," ya ce. "Sunana na ji."

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya sani, uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa. Alkunya ce.

"Shekara arba'in da ɗaya, Raliya. 'Wancan.' 'Yaron nan.' 'Ku miƙa wa babbanku.' Ranar da za ta cika ta kira ki, ta kira Fahad, ni ta dube ni kawai. Sai ranar Alhamis ina gaida Baba, na ji tana waƙar reno, ta ce Suma'ila. Ban tabbata ba ko kunnena ne. In tambayi Baba? Da wane baki? Na ce in ɗauka kwana ɗaya, zai zaci nasa ne ya lalace, in mayar."

"To ka ji?"

Ya girgiza kai. Ya buɗe akwatin moto, ya fito da shi a naɗe cikin tsumma mai tsabta. Jar fatar tana nan, ba a taɓa ba.

"Na kasa dannawa. In na danna na ji ba haka ta ce ba fa?"

Raliya ta ce, "Haka ta ce. Ban ji ba, amma na sani. Ni ma tawa ta fari ce. A gaban mutane ko kallonta ba na son yi da yawa. Amma in an ja ƙofa, Yaya, ba ka san abin da nake ce mata ba."

Tare suka shiga. Suma'ila ya durƙusa, ya sa kas ɗin a hannun Baba.

"Ni ne, Baba."

Malam ya shafa fatar da babban yatsa.

"Waƙa ta bakwai," ya ce. "Ba tawa ba ce. Ta ce mini, in ta rasu, in ba wancan ya ji. Wata biyar kullum kana zuwa, kullum ina cewa yau zan faɗa. Ni ma bakina ya ƙi."

Ya lalubo kan ɗansa, ya ɗora masa kas ɗin da kansa. Ya zauna masa daidai, kansu ɗaya. Ya danna sau shida.

Ba wanda ya yi motsi. Can sai kafaɗun Suma'ila suka fara rawa. Ya kai yatsa kan maɓallin da aka nuna masa a tasha, ya mayar. Ya sake mayarwa.

"Raliya," in ji Malam, "akwai sauran kokon nan?"

Ta kawo masa, ta tsaya har ya shanye. Sannan ta koma ɗaki, inda jaririya ta farka tana wutsil-wutsil. Kowa a gidan Ummi yake kiranta, don sunan Inna aka mayar mata. Raliya ba ta taɓa faɗinsa ba, kunya biyu ce a kanta. Ta ja ƙofa, ta sa bakinta a ɗan kunnen nan.

"Zainaba," ta ce. "Ki riƙe, kada ki jira shekara arba'in."