Yau Talata Ce, Musbahu

"Ku fitar da ita! Ita ce take zuba min guba a ledar ruwan nan!"

Khaula ta tsaya cak a bakin gadon. Kwana tara ke nan da mota ta buge Musbahu a hanyar Rogo, sai yau ya buɗe baki. Saura wata ɗaya a ɗaura musu aure.

"Masoyina... ni ce fa."

"Na gan ki! Ke da mutanen da ke cikin bangon nan!"

Mahaifiyarsa, Hajiya Laure, tana bakin ƙofa. Komai a kunnenta.

Nas Baraka ta ja su waje.

"Hajiya, ruɗewa ce. Ɗakin kulawa ta musamman ba taga, ba a kashe fitila, ga magunguna masu ƙarfi. Da yawa suna yin haka, kuma yana wucewa."

"Mutum yana bakin kabari zai yi ƙarya? Allah ne ya nuna masa! Ke yarinya, kada na sake ganin ƙafarki a nan."

Washegari kawunsa ya je Tudun Kaya, garin su Khaula, ya ce a dakata da maganar aure.

Ƙawaye suka ɗauke ƙafa. Ko gidan suna Khaula ta shiga, sai hira ta mutu.

Abu ɗaya ta riƙe. Da za ta bar asibiti, Baraka ta ba ta lambarta, ta ce mai irin wannan ruɗewa yana bukatar a riƙa gaya masa rana da inda yake. Kullum da hantsi sai Khaula ta tura mata saƙon murya don ta kunna masa.

"Yau Talata ce, Musbahu. Kana asibiti a Kano. Jiya an yi ruwa, gero ya fara fitar da kai."

Ba amsa. Ba ta ma san ko ana kunna masa ba. Sau ashirin da uku ta tura.

Wata Juma'a da la'asar aka yi sallama. Musbahu ne, a rame, yana dogara sanda. Hajiya Laure tana bayansa.

"An gaya min abin da na faɗa," in ji shi. "Wallahi ban tuna ba. Muryarki kawai na tuna. Da ita nake gane gari ya waye."

Hajiya ta sunkuyar da kai. "'Yata, nas ta kunna min saƙonninki duka. Ki yafe min."

Musbahu ya dubi Khaula.

"Khaula... yau wace rana ce?"

Ta daɗe tana kallonsa.

"Juma'a ce. Kana Tudun Kaya, a ƙofar gidanmu. Ku shigo, Baba yana ciki."