Gajimaren Aro

Ranar Alhamis, goma ga watan Oktoba na shekarar 2013, mutum goma sha bakwai suka taru a ɗakin baya na wani shagon gahawa a garin Guadix, aka rataye hotuna ashirin da tara a kan igiya. Tun da aka kafa wannan ƙungiya ta masu ɗaukar hoto a 1978, dokarta ɗaya ce: ba a rubuta suna a jikin hoto, kowa ya faɗi aibin da ya gani, mai hoton kuwa ya kame bakinsa ko da ransa yana ƙuna.

Na bakwai a jerin na Leandro Molero ne, malamin labarin ƙasa, ɗan shekara ashirin da takwas, wanda aka turo daga Jaén wata goma sha uku kafin wannan rana. Hoton jan kwazazzabon da ke bayan ƙauyen Gorafe ne, dattawan kuma suka yi ta yabon kaifinsa. Can sai wata budurwa da ta kawo wa mai shagon cukun tumaki ta tsaya a bakin ƙofa, kwando a kwankwaso, ta ce:

"Mai wannan hoton dai da gani yana son barcin safe."

Aka fashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce da tsakar rana ya je, lokacin da dutsen ba shi da inuwa, jansa ya koɗe kamar tsohon bulo. Wanda yake son ya ga ainihin kamannin kwazazzabon, in ji ta, sai ya riga rana isa wurin.

Leandro ya karya dokar shekara talatin da biyar. Ya miƙe ya ce hoton nasa ne, kuma yana neman malama.

Sunanta Araceli Peralta, 'yar autar Tío Torcuato makiyayi. Jinya take yi a wani asibiti a Almería, hutun mako guda ne ya kawo ta gida. Ta ba shi lambarta a kan sharaɗi ɗaya: hoto kaɗai zai riƙa turowa.

Ya cika sharaɗin na mako uku. Yana fita da asuba, ya kafa kyamara a bakin gaɓa, ya tura. Amsa tana zuwa a gajarce.

"Sama ta cinye rabin hoton. Rage ta."

"Ka sa dutsen a tsakiya kamar ango. Matsar da shi gefe."

A mako na huɗu ya rubuta: "Malamata, yau na gyara duk abin da kika ce, amma har yanzu akwai abin da ya rage a cikin hoton. Na duba na duba, ashe ke ce."

Sai bayan azahar ta amsa: "Mai barcin safe, wannan ba hoto ba ne. Amma na karɓa."

Haka hunturu ya wuce. Ranakun da ta zo gida sukan zaga tsakanin tsofaffin kaburburan dutsen da ke warwatse a kan tudun Gorafe, waɗanda suka haura ɗari biyu, yana ba ta labarin shekarunsu, tana nuna masa inda haske ke fara sauka. Ranakun da ba ta nan, yakan zauna a bakin gaɓar shi kaɗai yana duban hanyar kudu.

Ruwa bai sauka ba duk tsawon wannan hunturun. Ranar Lahadi, huɗu ga Mayu 2014, Araceli ta kai shi gidan mahaifinta, wanda aka haƙa a jikin dutse kamar kogo. Leandro ya so ya je da kyautar da za ta cika ido. Ya zaɓi hoton wata bishiyar almon da ke tsaye ita kaɗai a ƙasan kwazazzabon, wadda marigayiya mahaifiyar Araceli ta dasa. Sai dai samar da ke cikin hoton fayau take, ba ko ɗigon gajimare. A ƙungiyarsu kuwa an saba a ɗauko gajimaren wani hoto a na'ura a liƙa wa wani, ba wanda ke ganin laifin hakan. Ya ɗauko wani baƙin hadari da ya taɓa ɗauka a Jaén, ya liƙa, ya sa a gilashi.

Tsohon ya fita da hoton bakin ƙofa inda haske yake, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya tambayi ranar da aka ɗauka. Leandro ya ce Asabar ɗin makon jiya.

"Ranar ina gindin wannan bishiyar," in ji Tío Torcuato. "Wata biyar ke nan ina duban sama safe da yamma. Tumaki arba'in na rabu da su saboda babu abin da za su ci. Da wannan hadarin ya haɗo, da na durƙusa masa." Ya ɗora yatsa a kan gilashin. "Inuwar bishiyar ta kwanta yamma, hasken gajimarenka kuma daga yamma ya fito. Rana biyu gare ku a Jaén, malam?"

Leandro ya soma bayani a kan abin da aka saba yi. Tsohon ya miƙa masa hoton ya ce wanda ya iya aron sama zai iya aron magana, shi kuwa 'yarsa guda ce ta rage masa a gida.

Da yamma saƙonta ya shigo: "Ba maganar Baba ce ta fi yi min ciwo ba. Wata bakwai ina koya maka jiran haske, ashe jiran ne ba ka iya ba. Kada ka kira ni."

Bai kira ba. Ranar Asabar da ta biyo ya tashi da asuba, ya koma bakin gaɓar da ke kallon bishiyar, ya ɗauki hoto ɗaya da samarsa yadda take, fara tas. Ya tura mata ba tare da kalma ko ɗaya ba. Haka ya yi Asabar ta biyu, da ta uku. Alamar cewa ta gani tana fitowa, amsa ba ta zuwa. A shagon gahawa ya ji ana cewa motar Cristóbal likitan dabbobi ta yawaita tsayawa a ƙofar Tío Torcuato, kuma ba duk zuwan ne saboda tumaki ba. Hutun makaranta ya zo, mahaifiyarsa ta yi ta kira ya dawo Jaén, ya ce mata yana da aikin da bai gama ba.

Asabar ta bakwai wayarsa ta yi ƙara.

"Gaɓar ta karkace hagu."

Kalma huɗu ne. Ya karanta su a bakin gaɓar har rana ta ƙona masa ƙeya.

A ta goma sha biyu ta rubuto: "Wannan ya fi. Ka rame, an ce min. Ka riƙa cin abinci, mai aron sama." Ya amsa: "Ina jiran gajimaren da ba na aro ba, malamata. Ko shekara nawa ne." Bai tambaye ta zancen likitan dabbobi ba, ko da yake tambayar tana kwana da shi tana tashi da shi.

Asabar ta ashirin da ɗaya ta faɗo ranar ashirin da bakwai ga Satumba. Tun da hantsi hadari ya haɗo a kan duwatsun Baza, baƙi wuluk, rana ta ratso ta ƙarƙashinsa ta kunna jan dutsen kamar garwashi. Irin hasken da mutum kan yi shekaru bai sake gani ba ne. Leandro ya sa ido a kyamara, sai ya hango tumaki a cikin busasshen rafin da ke ƙasa, tsohon yana biye da su. Daga can ƙasa bango ya tare masa duwatsun, ba zai ga ruwan da ke zuba a kansu ba, wanda zai kwararo cikin rafin. Waya kuma ba ta aiki a cikin kwazazzabon.

Ya danna sau ɗaya ba tare da ya daidaita ba, ya cusa kyamarar a jaka, ya gangara da gudu yana zamewa a kan tsakuwa. Tío Torcuato ya dubi fuskarsa, bai tambaye shi hujja ba. Su biyu da kare suka kora garken zuwa tudu. Ba su gama ƙidaya ba ruwan ya iso, ja kamar kunun kanwa, yana tafe da itatuwa. Tunkiya uku suka rasa cikin ɗari da sittin.

A wannan yanki, ranar da aka yi ruwa ana soya wani abinci mai suna migas da gari da tafarnuwa da man zaitun, a ci a kasko ɗaya. Araceli, wadda ta iso gida a daren da ya gabata, ita ta buɗe musu ƙofa. Ta dubi Leandro, laka har gwiwa, tafin hannunsa a fashe, ta juya ta ɗauko cokali na uku.

Bayan an ci, tsohon ya ce a nuna masa hoton. Ya matso da fuskar kyamarar kusa da idonsa.

"A karkace yake. Ka yanke wa bishiyar kai. Tumakina sun zama kamar ƙwayar shinkafa." Ya ɗago kai. "Amma samarsa tasa ce. Ke, me kika gani?"

"Na ga ya iya jira, Baba," in ji Araceli, idonta a ƙasa. "Ya kuma san lokacin da ba a jira."

Tío Torcuato ya ce to Allah ya yi musu albarka, ya ba su zaman da babu aro a cikinsa. Ya ƙara da cewa Cristóbal zai ci gaba da zuwa, amma don tumaki.

An ɗaura auren a cocin Gorafe ranar Asabar, sha shida ga Mayu 2015, mutum ɗari da sha huɗu suka halarta. Leandro ya rataye karkataccen hoton a igiyar ƙungiya, aka same shi da aibi biyar. Har yau yana nan a bangon gidan kogon, kusa da hoton mahaifiyar Araceli.