Allon Ƙofar Gidan Mizoguchi

"Wato ɗana za ki raba da sunan ubansa?"

Tsinken cin abincin da ke hannun Kanae ya suɓuce ya faɗa cikin kwano. Ta ɗago a firgice. Michiyo, mahaifiyar Shuhei, tana zaune ƙyam, ta kafe ta da ido ko ƙiftawa ba ta yi.

"Mama, don Allah ki bari mu…"

"Ba da kai nake ba, Shuhei!"

Kanae ta kalli saurayinta. Sun yi da shi cewa shi zai faɗa wa uwarsa da bakinsa, a hankali, bayan an ci an sha, cewa in sun yi aure sunan gidan su Kanae zai ɗauka. Shi ya sa ma suka zaɓi wannan otal ɗin da ke cikin gidan zane-zane, a tsibirin su Kanae, ko kyan wurin zai tausasa zuciyarta. To wa ya riga shi?

Ga ta can bakin ƙofa cikin baƙar rigar ma'aikatan gidan, tana murmushi kamar ba ita ba. Reiko ce, 'yar aminiyar Michiyo, wadda tun suna yara ake tsokanarta da matar Shuhei. Ita ta kama musu ɗakuna, ita ta tarbi uwar a gaɓar jirgin ruwa, ashe tun a hanya ta zazzage mata komai.

Maganar kuwa ba ƙarama ba ce. Miji da mata suna ɗaya doka ta yarda su ɗauka, kuma a gidan Mizoguchi ba wanda ya rage sai Kanae da kakarta Tomi da ta raine ta. In ta ɗauki sunan gidan su Shuhei, wato Nabeshima, nasu gidan ya mutu ke nan, kaburburan iyayenta da ke kan tudu ba mai share su. Shi ma Shuhei ɗa ne tilo, magajin gidan da tun kaka da kakanni yake sana'ar miyar waken soya a Kurashiki.

"Ki yi haƙuri, Nabeshima-san," Kanae ta faɗa cikin ladabi. "Ba raba ku nake son yi ba…"

"Ki riƙe haƙurinki, Kanae-san. Mijina yana kwance a asibiti ya damƙa mini yaron nan da sunan nan. Gobe zan bi jirgin farko, kuma da ɗana zan tafi."

Ta naɗe tsumman hannunta tsaf, ta miƙe ta fice. Da son samu ne a lokacin za ta bar tsibirin, amma mu 'yan nan mun sani, in jirgin yamma ya tashi, ko wane ne kai sai ka kwana.

Shuhei ya bi bayan uwarsa da gudu.

Wanda ya kama ɗaki a otal ɗin ana barinsa ya zaga gidan zane-zanen bayan an rufe. Kanae ta bi dogayen bangayen siminti ba ta ma ganin gabanta, har ta tsinci kanta a wani faffaɗan ɗaki da ba ta taɓa shiga ba. Nan ta ja ta tsaya.

Bangon tun daga ƙasa har sama allunan ƙofa ne, irin katakon da ake rubuta sunan gida a kai. Tsofaffi, iskar teku ta cinye gefensu. Ta matsa tana karantawa. Hamaguchi, mai awarar da take bi ta ƙofar gidansu kowace safiya in za ta makaranta. Oki, tsohuwar da ke cika mata aljihu da lemo. Duk gidajen da suka ƙare ne, aka kwaso sunayensu aka jera wa baƙi su ɗauki hoto.

"Ya yi kyau ko?"

Reiko ce a bayanta. Ta nuna wani ɗan gurbi da ya rage a tsakiyar bangon.

"Allo ɗaya mai aikin yake nema ya cike nan. Makon jiya na leƙa wurin kakarki, na ce ta ajiye mana naku."

"Kika je gidanmu?! Kakata tana raye kike neman allon ƙofarta?"

"Haba, yau ko gobe ai duk ɗaya ne. Gara bangonmu da ruwan sama."

"Reiko-san, ba ki da kunya!"

"Kunya? Ke da kike son ɗauke wa bazawara ɗanta guda? Ki koma ki yi ta sharar kabari, ki bar mai rai ga masu rai."

Ta juya ƙwas-ƙwas ta tafi. Kai, wasu matan bakinsu ya fi reza!

Kanae ta durƙushe a wurin ta fashe da kuka. A haka Shuhei ya same ta, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Kana-chan… tashi, zuciyata."

"Me mahaifiyarka ta ce?"

Ya kau da kai.

"Shuhei, me ta ce?"

"Kuka take yi. Tun da Baba ya rasu ban taɓa ganin hawayenta ba." Ya riƙo hannunta. "Ko ke za ki zama Nabeshima? Kaburburan ni da kaina zan riƙa zuwa ina sharewa, na rantse."

Ta nuna masa bangon.

"Duk waɗannan haka jikokinsu suka rantse. Dubi inda suke yanzu."

"Ina sonki, Kanae!"

"Ni ma ina sonka, shi ya sa abin yake min ciwo! In na bi ka na kashe gidanmu, in ka biyo ni ka kashe naku. To ina za mu sa kanmu?"

Ya ɗago ta tsaye. Ya raka ta ƙofar ɗakinta, ya tsaya jim, sannan ya wuce nasa. Ɗakin ga gado lafiyayye, ga teku shimfiɗe a taga, amma yadda ta ga dare haka ta ga rana.

Da safe ta bi su gaɓar jirgi don ta yi sallama irin ta mutunci. Michiyo na gaba, Reiko na riƙe mata da jaka, Shuhei a baya kansa a ƙasa. Sai ga wata 'yar tsohuwa tana gangarowa da sanda, da ƙunshin ƙyalle a ƙirjinta.

"Kaka! Me ya fito da ke?"

A tsibirin nan magana ba ta kwana. Mai wanke kwanukan otal ɗin maƙwabciyar Kaka ce.

Kaka Tomi ba ta ko kalli jikarta ba. Ta rusuna wa Michiyo har ƙasa, sannan ta kwance ƙyallen ta miƙa wa Reiko abin da ke ciki. Allon ƙofarsu ne, da ƙusoshinsa masu tsatsa. Babban yatsanta na jini, wurin ɓamɓaro shi ta ji ciwo.

"Ga shi, 'yar nan, je ki cike bangonki."

"Kaka, a'a! Wayyo Kaka!"

"Yi min shiru, Kanae." Ta juya ga Michiyo. "Nabeshima-san, ga jikata nan, ki tafi da ita. Matattu sun iya haƙuri. Ita ce ba zan iya kallo tana tsufa ita kaɗai saboda katako ba."

Reiko ta sa hannu biyu ta karɓa, farin ciki fal fuskarta. Kafin ta gyara riƙo Shuhei ya zare allon daga hannunta.

"Shu-kun! Me kake…"

Bai saurare ta ba. Ya zube gwiwa biyu a kan simintin gaɓar, gaban uwarsa, goshinsa har ƙasa, allon rungume a ƙirjinsa.

"Mama, ki yafe min. Sana'ar Baba ba zan sake ta ba har na mutu, ke ma ba zan sake ki ba. Amma wannan allon zan mayar da shi ƙofarsa, kuma ta ƙofar zan riƙa shiga, da sunan da ke kansa."

Jirgi ya yi ƙugi. Michiyo ta daɗe tana kallon ƙeyar ɗanta, ta kalli yatsan tsohuwar da ke ɗigar jini. Ta karɓi jakarta daga hannun Reiko ba tare da ta dube ta ba.

Kanae ta zaci daɗi za ta ji, sai ta ji zuciyarta ta tsinke. Matar da ta yi mata kwarjini jiya, yau ta ga ashe 'yar ƙarama ce, gashinta duk furfura, kuma ita kaɗai za ta koma gida.

Michiyo ta taka har bakin matakala, sannan ta juyo. Ba ɗanta ta kalla ba, Kanae ta kalla.

"Tun yana yaro iskar teku ke sa masa mura," ta ce a hankali. "Ki riƙa rufe masa taga."

Ta rusuna, ta shiga jirgin.