Kwal Ɗin Mataccen Jirgi

Jifar farko ta sauka a kan kwanon gidan Don Cipriano Albornoz ne da magariba, matarsa Zulema tana ɗora ruwan shayin mate, 'yarsu Nélida kuma ta dawo daga makarantar da take koyarwa, tana cire takalmi a bakin ƙofa. Babu iska. Karnukan unguwa, waɗanda ko keke ba sa bari ya wuce lafiya, duk sun yi tsit. Ta biyu ta sauka, abin ya gangaro a hankali har ya dira a tsakar gida. Zulema ta ɗauka, ta dubi tafin hannunta, ya yi baƙi ƙirin. Ba dutse ba ne, kwal ne.

Mu a Tafí Viejo mun san kwal, amma rabon da jirgi ya ƙona shi a garin nan tun kafin a haifi Nélida. Zulema ta juya ta dubi ƙofar ɗakin baya, domin a duk unguwar wuri ɗaya ne ta san akwai kwal.

Cipriano mai fenti ne a ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa har ranar da aka rufe ta. Daga nan ya shige ɗakin baya, ya zama ɗaya daga cikin tsofaffin nan masu ƙera ƙananan jirage, waɗanda za su yi gaba da juna shekara guda a kan yawan ƙusoshin tarago. Nasa bai wuce tsawon damtse ba: kan jirgi mai tururi da taragon kwal ɗinsa, kwafin wanda mahaifinsa ya tuƙa, wanda aka yasar cikin ciyawa a bayan tasha. A ƙa'idarsu sai an fara yi wa jirgi fenti baƙi mai sheƙi kamar sabo, sannan a bi shi da tsufa, shafi a kan shafi. A nan babu mai kama ƙafar Cipriano. Shekaru ya yi yana zuba masa tsatsa da burushi mai gashi kaɗan, da farin zanen ruwan sama, da kashin tantabaru a kan rufi. Akwai ƙaramin inji a cikinsa, amma bai taɓa kunna shi ba. Ya ajiye shi a guntun layin dogo cikin ciyawar roba, matacce kamar babban da ya kwafa.

Da ya ji masu sayen tsohon ƙarfe za su yanka babban, sai ya je ya hau taragonsa, ya sharo ragowar kwal a wani lungu. Ya daka a turmin Zulema, ya tankaɗe, ya manna a ƙaramin taragon. Kwal na gaske ya fi na roba, kowane maƙerin jirage zai gaya maka haka. A makon ne jifa ta fara.

Kullum magariba sai an yi ta. Sai aka fara jin ƙarar shebur yana kankarar ƙarfe a ɗakin baya. Sai Nélida ta daina cin abinci. Ran nan uwarta ta tarar da ita tsaye a gaban jirgin, bakinta baƙi, tana tauna kwal. Ta kira sunanta, aka amsa mata da muryar tsohon namiji.

"Rufe ƙofar nan, kina shigo min da haske."

Zulema ba ta yi kuka ba sai da ta kai wurin mijinta. "Tsoho, wasan yaran nan naka ya ci min 'ya. Ka tashi ka kira Doña Eduviges, ko in fasa shi da taɓarya."

Doña Eduviges mai magani ce, tsohuwa, gajera, ba ta gaggawa. Ta zo rana na faɗuwa bayan gonakin lemo, ta kunna kyandir, ta turara ganyen maganin da ake kira ruda, ta yayyafa ruwan tsarkin coci a kusurwoyin ɗakin. Nélida tana zaune a ƙasa, ta rame, idanunta a buɗe amma babu ita a cikinsu. Wallahi abin tausayi ne, mace mai tsawata wa aji guda ta koma haka.

"Wane ne kai?" in ji tsohuwar.

"Mai gida," in ji muryar. "Tun ranar da wutar babban ta mutu nake zaune a taragonsa. Sun yanka shi. Na biyo kwal ɗina, na tarar an gina min wani, har da lotsewar gefen hagu. Maginin ya iya aiki."

"To yarinyar fa, me ta yi maka?"

"Gidan ya yi min kaɗan. Ina miƙe ƙafa a jikinta."

"Me za ka karɓa ka sake ta?"

"A kai jirgin bayan tasha, a ajiye min cikin ciyawa, kada kowa ya waiwayo. In ba haka ba, ita ce gidana har ta yi tsatsa."

Zulema ta riƙo hannun mijinta. "Ba shi, Cipriano. Ba shi mana!"

Cipriano ya daɗe yana kallon 'yarsa. Da ya buɗe baki, da abin da ke cikinta ya yi magana. "An rufe mana ma'aikata, na yi shiru. An yanka jirgin ubana, na tsaya ina kallo kamar sakarai. Yanzu kai, ɗan share wuri zauna, ka shigo gidana ka ce in zaɓa? 'Yata ba taka ba ce. Jirgin ma ba naka ba ne."

Kwal ya zubo a kan kwano kamar ƙanƙara. Nélida ta fara karkarwa. Doña Eduviges ta ɗaga hannu, ta jira har aka lafa, sannan ta yi tambaya cikin sanyin murya.

"Da wane iko ka shiga jirgin mutum?"

"Kango ne. Duk abin da mutane suka bari ya mutu, namu ne tun fil azal."

"In ba kango ba ne fa?"

Muryar ta yi dariya. "Ba na zama inda ƙafar jirgi ke juyawa. Amma dube shi, tsohuwa. Maginin da kansa ya kashe shi."

"Ka faɗa da bakinka," in ji ta. Ta dubi Cipriano.

Ya gane. Ya jawo kwalbar ruwan wanke fenti, ya jiƙa tsumma. Hannunsa ya tsaya a sama kaɗan, domin abin da zai goge shi ne kaɗai abin da ya yi da rayuwarsa tun da aka sallame shi, kuma idanunsa ba za su sake iya irinsa ba. Sai ya danna tsumman. Tsatsar ta narke ta bi yatsunsa ja kamar jini. Baƙin fenti na farko ya fito daga ƙasa, yana sheƙi a hasken kyandir.

"Bari!" in ji muryar. "Kana rushe min gida!"

"Gidan ubanka," in ji Cipriano, yana ci gaba da gogewa.

Ya sa wuƙa ya ɓamɓare kwal ɗin tarago a tafin hannunsa. Ya ɗaga jirgin daga cikin ciyawar roba, ya ɗora shi a babban layin da ya zagaye teburin ɗakin, ya murɗa wuta. Ba abin da ya motsa. Zulema ta rufe fuska. Ya sunkuya ya hure ƙurar ƙafafun, ya ɗan tura shi da yatsa. Jirgin ya yi gurnani, ya girgiza, sandunan ƙafafunsa suka fara kai da komo, ya kama hanya.

"A ba ni kwal ɗina," in ji muryar, ta yi ƙasa sosai. "Shi dai nawa ne."

"Wannan gaskiya ne, ba shi," in ji Doña Eduviges.

Cipriano ya buɗe taga ya watsa shi wajen tasha da dukan ƙarfinsa. Nélida ta yi atishawa mai ƙarfi, ta kife a cinyar uwarta. Can waje wani kare ya yi haushi, sauran suka amsa.

Da ta buɗe ido, abin da ta fara gani shi ne jirgin yana zagaye, baƙi wul, sai guntun ja a gefen tarago inda tsumma bai kai ba. Tun tana ƙarama take ganinsa tsaye, da bayan ubanta a sunkuye a kansa.

"Baba," ta ce da muryarta ta gaske, "ashe yana tafiya?"

Cipriano ya share ido da bayan hannu, ya bar jan zane a kumatunsa.

"Dama yana tafiya, 'yata. Matso ki riƙe maɓallin wutar."