Gidan Bayan Layin Dogo

Nusaiba tana tsakar gida tana tankaɗen garin dawa, amma kunnenta yana ɗaki, inda muryar mahaifiyarta Hajiya Saliha ke tashi sama-sama.

"Malam, wallahi ban yarda ba! Ɗiyata tilo, a kai ta wanga kango? Gidan da aka gina tun kafin a haife ni?"

Malam Maccido, mai sayar da hatsi a kasuwar Ƙaura, ba mutum ne mai hayaniya ba. Ya ce, "Saliha, ba ki ga gidan ba tukuna."

"Mi zan gani? An ba ni labari! Ɗaki biyu, ginin ƙasa da shafen siminti, ba falo, ba tayil. Ka ga inda aka kai Zulaihat ɗiyar ƙanwata a Gusau? Kuma wai har da uwarsa za a zauna!"

Nusaiba ta aje rariya, idonta ya kawo ruwa. Mujahid ake nufi, direban motar haya tsakanin Ƙaura, Shinkafi da Zurmi, wanda aka yi musu baiko tun bara. Mutumin Birnin Tsaba ne. Tunda 'yan bindiga suka hana su noma, mahaifiyarsa Inna Maimunatu take raɓe a gidan wani ɗan'uwa a Zurmi. Abin da ya tara bai isa sabon gini ba, sai wani dillali mai suna Labbo ya nuna masa ɗan tsohon gida a bayan layin dogo. Mai gidan ya tsufa ya koma wajen 'ya'yansa, ya ba Mujahid makulli ya ce ya duba a tsanake.

Washegari Malam Maccido ya ce, "Nusaiba, ɗauko hijabinki. Ke za ki zauna a ciki, ki je ki gani da idonki."

Mujahid na jiran su a ƙofar zaure. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya saci kallon Nusaiba sau ɗaya ya sunkuyar da kai. Gidan kuwa ƙarami ne ƙwarai. Fentin ya koɗe, ƙyauren ɗakin farko sai an ɗaga shi yake buɗuwa. Amma tsakar gidan a share take, ga rijiya a gefe, ga bishiyar darbejiya ta yi inuwa har bakin madafi.

Malam Maccido bai yi sauri ba. Ya ƙwanƙwasa bango da bayan hannu yana saurare. Ya ɗaga kai ya dubi katakon rufi ko gara ta ci. Ya sa aka jawo ruwan rijiya ya ɗanɗana. Ya leƙa makewayi, ya bi hanyar da ruwa ke fita har waje, ya daɗe tsaye gaban wata tsaga a katangar baya. Sannan ya tambaya ko an je wajen mai unguwa an tabbatar babu rikicin gado.

"An je, Baba. Mai gidan da 'ya'yansa duk sun amince."

Da Baba ya fita duba maƙwabta, Mujahid ya matso kaɗan, ya rage murya. "Nusaiba, na san ba irin gidan da kike mafarki ba ne. Ki gaya mini gaskiya."

Ta dubi ƙaramar tagar da rana ke shigowa ta ciki. "Yaya Mujahid, ni labule nake aunawa a raina. Shuɗi zai fi dacewa."

Ya yi dariya, amma sai da ya juya baya ya goge ido.

A gida Malam Maccido ya yanke hukunci. "Gidan bai yi mini muni ba. Sai dai yanzu rani ne, komai a bushe yake. A bari damina ta sauka mu ga yadda zai yi da ruwa. In ya tsaya, a saye a ɗaura aure."

Hajiya Saliha ta ce, "To na ji. Amma kafin nan kada ya sake zuwa zance. In gidan ya rushe, maganar ta rushe!"

Haka aka shiga jira. Nusaiba ba ta taɓa sanin rani na da tsawo haka ba. Kullum da la'asar sai ta ji kamar hon ɗin motarsa a bakin layi, ta miƙe, ta tuna, ta koma ta zauna. Waya ce kaɗai ta rage musu, ita ma wani lokaci sabis ya ɗauke kwana da kwanaki. Duk ranar da aka ce an tare hanyar Shinkafi, ba ta iya cin abinci sai ta ga saƙonsa: "Na iso lafiya." Ta rame. Ƙawayenta suka riƙa zolayarta, "Ke, duk ajinki, a gidan ƙasa za ki ƙare?" Idan ta idar da salla sai ta leƙa gabas ko hadari ya haɗo.

Rannan ta kasa daurewa ta ce, "Mama, mi Mujahid ya yi miki?"

"Bai yi mini komai ba. Ba na son ki wahala ne, Nusaiba. Ba na so a nuna ki da baki!"

"Wahalar da nake sha yanzu fa, Mama?"

Hajiya Saliha ta kau da kai.

Damina ta sauka. Ruwan farko da na biyu suka wuce lafiya. Sai cikin watan Agusta aka wuni ana tsuga wani ruwa mai iska, har kwalbatoci suka cika suka tumbatsa. Da safe, kafin kowa ya fita, aka yi sallama. Mujahid ne, wandonsa duk laka har gwiwa.

Ya durƙusa gaban Malam Maccido, Hajiya Saliha na tsaye bakin ƙofa, Nusaiba na bayan labule.

"Baba, katangar baya ta faɗi jiya. Labbo ya ce in tayar da ita da sauri kafin ku ji, ba wanda zai sani. Na ga ba zan fara zama da ɗiyarku a kan ɓoye-ɓoye ba. Na zo in faɗa da bakina."

Nusaiba ta toshe baki da gefen zane, hawaye na zuba. Shi ke nan, ta ce a ranta.

"Ka ji ko, Malam!" in ji Hajiya Saliha. "Yau da kaina zan je in gani!"

Suka tafi su huɗu. Katangar kuwa ta kwanta, ƙasa ta tsibe. Amma ɗakunan biyu a bushe suke ƙarau, sai ɗigo ɗaya a kusurwa inda aka tara kwano. Ruwan tsakar gida duk ya bi hanyarsa ya fice. Malam Maccido ya shafa bangon ɗaki ya gyaɗa kai.

A bakin ɗaki na biyu wata tsohuwa ke zaune, 'yar siririya, ƙullin kayanta a ɗaure a gabanta. Inna Maimunatu ce, wadda Mujahid ya ɗauko daga Zurmi da daminar nan ya ajiye a nan da izinin mai gidan, saboda gidan da take raɓe ya cika. Ta miƙe da ƙyar ta gaida Hajiya Saliha.

"Hajiya, na ji har da zamana a cikin abin da ya hana auren. Ga kayana na ɗaure. Zan koma Birnin Tsaba. Ki bar yaran ga su yi aurensu."

"Inna!" in ji Mujahid.

Hajiya Saliha ta tsaya cak. "Ki koma ina? Wajen wa?"

"Ba kowa. Amma ɗakina na nan, in ba a ƙone shi ba."

Hajiya Saliha ta dubi ƙullin, ta dubi ɗiyarta da ta zama kamar ba ita ba, ta dubi saurayin da ya zo ya tona wa kansa asiri alhali yana iya yin shiru. Sai ta sunkuya ta kama ƙullin ta kwance da hannunta.

"Subhanallahi! Ni Saliha in zama sanadin mayar da ke bakin bindiga? Allah Ya kiyaye! Ki yafe mini, Yaya." Ta juya ga Mujahid tana share ido. "Kai kuma, katangar ga da bulo za a tayar da ita, ka ji ni? Kuma a canza ƙyauren can!"

"Za a yi, Mama!"

Aka sayi gidan. Abokansa direbobi suka taru ranar Juma'a suka taya shi aikin katanga, Malam Maccido ya aiko da kwanon rufi sabo. Bayan an girbe gero aka ɗaura aure. Ranar kai amarya gidan ya kasa ɗaukar jama'a, mata suka cika layi har bakin dogo, Hajiya Saliha ce kan gaba wajen jere tana faɗa da duk wanda ya taka mata shimfiɗa.

Ku 'yan mata da samari, da ku iyaye, ku duba gida da kyau kafin a saya: rufinsa, bangonsa, hanyar ruwansa. Amma ku fi duba wanda za a zauna da shi a ciki. Tsufan gini da ƙanƙantarsa ana gyara su a hankali, mai gaskiya da haƙuri kuwa Allah ba Ya barin sa ya taɓe.